Eriyar Tsaye da Rabinta da Ke Binne a Ƙasa

Eriyar tsaye, wato sandar ƙarfe ko waya guda da ake miƙarwa sama domin aika saƙon rediyo da karɓarsa, ta samo asali ne daga gwaje-gwajen da Guglielmo Marconi ya gudanar a 1895 a gidan mahaifinsa da ke Pontecchio, kusa da birnin Bologna na Italiya. Kafin lokacin, na'urar da Heinrich Hertz ya yi aiki da ita hannuwa biyu gare ta masu tsawo ɗaya, amma Marconi ya ɗaga hannu guda sama ya haɗa ɗayan da farantin ƙarfe da ke cikin ƙasa, sai saƙonsa ya tsallaka tudu ya kai nisan kusan kilomita 2. Abin da ya faru shi ne ƙasa ta zama kamar madubi, ta cike gurbin hannun da aka cire, shi ya sa rubu'in tsawon zango yake wadatar da irin wannan eriya, ta yadda mai aiki a zangon mita 40 sandar mita 10 kawai yake bukata.

Masu rediyon sha'awa, waɗanda ke harhaɗa tashoshinsu a gida ba don neman kuɗi ba, sun kai ga cin moriyar wannan tsari ne ta hanyar da ba su zaɓa ba. Dokar rediyo ta Amurka ta 1912 ta tsare su a zangon mita 200 zuwa ƙasa, wanda ake ganin ba shi da amfani, sai ga shi a Nuwamban 1923 Léon Deloy na birnin Nice a Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka a zangon da bai wuce mita 100 da kaɗan ba. Da zango ya gajarta, eriyar da a da sai kamfani ke iya ginawa ta koma abin da bayan gida zai ɗauka.

A 1924 Stuart Ballantine ya nuna ta hanyar lissafi cewa ƙara tsawon sandar zuwa wajen kashi biyar cikin takwas na zango yana kwantar da saƙon ya nufi sararin da ke daidai da doron ƙasa. Wannan shi ne abin da ake kira riba: eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, tana dai janye shi daga inda ba a bukata ta tura shi inda ake so, kuma ribar wannan tsawo a kan rubu'in zango ta kai kusan desibel 3, wato ninki biyu, amma fa a bisa ƙasa marar asara wadda a takarda kaɗai ake samunta.

Amsar da ta fi muhimmanci kan wannan asara ta ƙasa ta zo ne a watan Yunin 1937, lokacin da George Brown da Robert Lewis da Jess Epstein na kamfanin RCA suka wallafa sakamakon awon da suka yi, inda suka binne wayoyin tagulla da suka bazu daga gindin eriya ta kowace fuska, suna ƙara yawansu daga 2 har zuwa 113. Wutar da ke hawa sandar dole ta komo gindinta ta cikin ƙasa, ƙasa kuwa tana turje wa wuta, ta mayar da wani kaso nata zafi. Turjiyar da ke wakiltar saƙon da ya fita daga sandar rubu'in zango kusan om 36 ce, don haka idan turjiyar ƙasa ita ma ta kai 36, rabin ƙarfin tashar ya tafi wajen ɗumama turɓaya, kuma lamarin ya fi muni ga gajeriyar sanda wadda tata turjiyar ba ta kai om 10 ba. Daga wannan aiki ne gidajen rediyon matsakaicin zango na Amurka suka ɗauki ƙa'idar binne wayoyi 120, kuma wannan bincike ya cancanci a ɗauke shi a matsayin ginshiƙin fannin, domin ya mayar da hankali daga abin da ido ke gani zuwa inda asarar take.

Mai ƙaramin fili ba zai iya shimfiɗa wayoyi 120 ba, don haka masu sha'awa suka ci gaba da awon da kansu. Jerry Sevick ya nuna a mujallar QST cikin shekarun 1970 cewa gajeriyar sanda tana kusan kamo doguwa muddin aka wadata ta da wayoyin ƙasa, sa'annan Rudy Severns, a jerin maƙalolinsa na mujallar QEX a 2009, ya tabbatar da cewa wayoyin farko ne ke kawo babban sauyi, amfanin kuma yana raguwa yayin da adadin ke ƙaruwa, haka nan wayoyi huɗu da aka ɗaga sama da ƙasa suna iya gogayya da masu yawa da ke kwance, in dai an daidaita tsawonsu da kyau.

Akwai iyaka biyu da waya ba ta kawar da su. Ta farko, sandar da ake kafawa cikin ƙasa domin tsawa aikinta kare rai da kaya ne, ba ta maye gurbin wayoyin da ke komo da wutar rediyo. Ta biyu kuma, saƙon da ke tashi a kwance, wanda shi ke kaiwa nesa, ya dogara ne da yanayin ƙasar da ke can gaba da ƙarshen wayoyin, abin da ya sa eriyar da ke bakin teku take fin wadda ke kan busasshen rairayi, irin wanda tashoshin arewacin Nijeriya da Nijar ke fama da shi duk tsawon rani.