Zanen Aro a Babi na Ɗaya: Matsalar Gabatarwa a Kundayen Bincike kan Hausawan Fatakwal, Anacha da Inugu

Tsarin babi na ɗaya a kundin ɗalibi sananne ne: shimfiɗa, dalilin bincike, manufa, farfajiya, muhimmanci, sai hanyoyin tattara bayanai. Bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma ma masana sun yi mata hidima (Adamu, 1978, Lovejoy, 1980). Abin da ya jawo wannan maƙala shi ne wani ra'ayi da ya samu gindin zama wajen wasu masu duba kundaye, wanda wani abokin aiki ya tsaya kai da fata a kansa a wani taron ƙara wa juna sani. Wai ɗalibin da zai nazarci Hausawan Fatakwal, Anacha ko Inugu ya buɗe babinsa da asalin Hausawa, ya gangaro kan fatauci, sannan ya ɗauko Sabon Ibadan na Cohen (1969) ya ɗora aikinsa a kai, tunda a cewarsa zango duk zango ne. A ganina akwai gyara.

Hujjar malamin ta farko ita ce ɗalibi na buƙatar madogara, kuma babu aikin da ya kai na Cohen a kan Hausawan Kurmi. Wannan haka yake. Sai dai Sabon da Cohen ya zauna a ciki a farkon shekarun 1960 unguwa ce da aka kafa tun 1916, zamanta bai taɓa yankewa ba, tana da sarkinta, da masu gida da dillalan da suka riƙe cinikin goro da shanu, ga kuma ɗarikar Tijjaniyya da ta ɗaure su wuri guda. Gabashin Nijeriya ba haka ya tashi ba. Fatakwal da Inugu garuruwa ne da kwal da jirgin ƙasa suka haifa. A 1916 aka haɗa su da layin dogo. Babban abin kuma shi ne rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, waɗanda suka kwashe 'yan Arewa daga yankin kusan baki ɗaya. Ɗalibin da ya yi hira da dattawan kasuwar shanu ta Gariki a Inugu, da wuya a ce al'ummar da ya tarar ita ce ta kafin yaƙi. Idan babi na ɗaya bai faɗi zamanin da ake magana a kai ba, sauran babukan sun tashi a karkace.

Akwai kuma Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato mai fataucin shanu, wanda ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950 a tutar jam'iyyar NCNC, da ƙuri'un Ibo. Cohen ya nuna mutanen da suka ja jiki suka killace kansu. Altine kuwa tsakiyar siyasar gari ya shiga. Zanen aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Hujjarsa ta biyu ta fi nauyi. Ya ce ɗalibin digiri na farko 'yan watanni gare shi, kuɗin mota ma da ƙyar, don haka doguwar shimfiɗa kan ba raunanan ɗalibai abin riƙewa. Ina tausaya wa ɗalibin, amma ƙarancin lokaci dalili ne na matse farfajiya. Duk mai duba kundaye ya san irin babin da nake nufi: shafuka a jere kan Bayajidda da rijiyar Kusugu, sai farfajiya layi biyu, "wannan bincike ya taƙaita ga Hausawan Anacha". Waɗanne? Mazauna titin Bida, inda tarihin Nufawa ya cuɗanya da na Hausawa, ko masu sauke kaya a bakin gada da kan koma gida da damina? A Gabas duk Musulmin Arewa Bahaushe ne a bakin mutanen gari, ko Babarbare ne ko mutumin Nijar. Sannan kafin tarzomar da aka yi a Anacha a Fabrairun 2006 ake nufi ko bayanta? Amsar waɗannan ba ta wuce sakin layi ɗaya, kuma ita ce gabatarwar.

A nan ya kamata in rage faɗin da'awata. Ban ce aikin Cohen ba shi da amfani a Gabas ba. A kasuwannin shanu, inda baƙo kan sauka hannun maigida a sayar masa da dabba bashi bisa amana, mai yiwuwa bayaninsa ya dace ƙwarai. Abin da hujjojin da ke hannu suka ba ni damar cewa shi ne, dacewar abu ce da za a gwada a fage, bayan an tattauna ta a bitar ayyukan da suka gabata tare da aikin Uchendu (2011) kan Musulunci a Gabashin Nijeriya. Ba a shimfiɗa za a yanke mata hukunci ba.

Roƙona ga abokan aiki masu duba kundaye: kada a sa hannu a babi na ɗaya sai ɗalibi ya ambaci unguwa da sunanta, shekarun da zai duba, da waɗanda ya ƙirga a matsayin Hausawa.