Jere: Garin Bakin Kogin Gurara Da Ke Shayar Da Abuja

Jere gari ne a Ƙaramar Hukumar Kagarko da ke kudancin Jihar Kaduna, kusa da iyakar jihar da Babban Birnin Tarayya. Yana gefen babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, kuma daga nan ne hanya ke ɓallewa zuwa Bwari, wata kuma ta bi ta Kagarko da Kwoi har Kafanchan.

Gbagyi da Koro su ne tsofaffin mazauna yankin, daga baya Hausawa da Fulani suka kafu tare da su. A ƙarni na 19, bayan jihadi, Jere na cikin ƙasashen kudu da ke biyayya ga Sarkin Zazzau. Har yau tana da sarautarta. Cikin fitattun sarakunanta akwai Dokta Sa'ad Usman, wanda ya rasu a 2020.

Arzikin Jere dai ruwa ne. Kogin Gurara ya ratsa ƙasarta kafin ya gangara Jihar Neja, daga bisani ya faɗa Kogin Kwara. A kansa Gwamnatin Tarayya ta gina Madatsar Gurara, wadda ke iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 880. Daga nan wani ƙaton bututu mai tsawon kilomita 75 ke kai ruwan zuwa Madatsar Usuma, inda ake tace shi domin mazauna Abuja. Da yawa daga masu buɗe famfo a birnin ba su san daga ƙasar Kagarko wani kaso na ruwan ya taso ba. Madatsar na da tashar lantarki mai ƙarfin megawat 30, kuma ita ke ciyar da shirin noman rani na Azara da Jere. Da damina manoma kan shuka masara da shinkafa da doya, sai kuma citta, wadda yankin ya yi suna a kanta.

Tafkin madatsar da tsaunukan da ke kewaye da shi ne abin kallon baƙo, kuma masunta na cin abinci a cikinsa. Jere na da tashar jirgin ƙasa a kan layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Sai dai matsalar masu garkuwa da mutane a wannan hanya ta rage masu zuwa yawon buɗe ido, ta kuma hana wasu manoma kaiwa gonakinsu na nesa.