Ƙwallon gora na ƙanƙara a garuruwan zafi: me ya sa wasu ƙungiyoyi ke ɗorewa, wasu ke tashi?

A watan Afrilun 2024 ne hukumar NHL, wadda ke shirya babbar gasar ƙwallon gora na ƙanƙara a Amurka da Kanada, ta amince a kwashe 'yan wasan ƙungiyar Arizona Coyotes zuwa birnin Salt Lake da ke jihar Utah.

Wannan mataki ya kawo ƙarshen shekaru 28 da aka shafe ana fafutukar dasa wasan ƙanƙara a tsakiyar hamadar Arizona, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, kamar yadda akan gani a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu.

Sai dai a daidai wannan lokaci, wasu ƙungiyoyin da su ma ke garuruwan zafi ne ke ta ɗaukar kofi. Wannan ya sa har yanzu ake muhawara a kan ko yanayin gari ne ke kashe ƙungiya, ko kuwa wani abu ne dabam.

Yadda wasan yake

Ƙwallon gora iri biyu ne. Akwai na fili, wanda aka sani a makarantu da barikokin Najeriya, ana buga shi da mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare.

Akwai kuma na ƙanƙara, wanda ake yi a cikin rufaffen zaure, a kan daskararren ruwa mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26. Mutum shida ne a kowane ɓangare, har da mai tsaron gida. Suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi suna korar wani ɗan baƙin faifan roba a maimakon ƙwallo.

A Kanada aka raini wasan, inda tafkuna ke daskarewa da sanyi, yara su fita su yi wasa kyauta. An kafa NHL a birnin Montreal a 1917, kuma daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida kacal ke cikinta, dukkansu a Kanada da arewacin Amurka. Adadin ya kai 32 a 2021, bakwai daga ciki a Kanada.

Gangarawa kudu

Galibin masu sharhi na danganta sauyin da shekarar 1988, lokacin da ƙungiyar Edmonton ta Kanada ta sayar da Wayne Gretzky, gwarzon wasan na wancan zamani, ga Los Angeles Kings. Nan da nan zauren Los Angeles ya soma cika, masu kuɗi kuma suka ga alamar kasuwa.

Da Gary Bettman ya zama shugaban hukumar a 1993, sai ya rungumi wannan manufa. Hujjarsa ita ce manyan gidajen talbijin na Amurka ba za su biya kuɗi mai tsoka ba a kan wasan da rabin ƙasar ba ta san da shi ba, alhali jama'a kudu da yamma suke ta ƙaura.

An buɗe sabbin ƙungiyoyi a Tampa a 1992, da yankin Miami da Anaheim a 1993, da Nashville a 1998, da Atlanta a 1999. Wasu kuma aka ɗauke su daga arewa: ta Minnesota ta koma Dallas a 1993, ta Hartford ta koma Carolina a 1997.

Winnipeg Jets na cikin waɗanda guguwar ta kwasa. Darajar dalar Kanada ta faɗi, zaurenta ya tsufa, albashin 'yan wasa kuma da dalar Amurka ake biya. A 1996 aka mayar da ita Phoenix, aka raɗa mata suna Coyotes.

Abin da ya faru a Arizona

Matsalar farko ita ce ta muhalli. Zauren da ƙungiyar ta fara haya a tsakiyar Phoenix don ƙwallon kwando aka gina shi, saboda haka dubban 'yan kallo ba sa ganin raga ɗaya daga inda suke zaune.

A 2003 ta koma sabon zaure a Glendale, wanda hukumar garin ta zuba kuɗin jama'a wajen ginawa. Ginin ya yi kyau, amma yana yamma da Phoenix, yayin da mafi yawan masu sayen tikiti ke zaune a gabas, a unguwanni irin su Scottsdale. Wanda ya tashi aiki da yamma sai ya kutsa cunkoson motoci kafin ya isa, kuma a lokacin wasannin gida 41 ne a kowace kaka, da dama daga ciki a tsakiyar mako.

Ko zuwan Gretzky kansa a matsayin mai horarwa, daga 2005 zuwa 2009, bai sauya komai ba, domin ko sau ɗaya ƙungiyar ba ta kai zagayen fitar da gwani ba a hannunsa.

A watan Mayun 2009 mai ƙungiyar, Jerry Moyes, ya garzaya kotu ya ce ta karye. Attajirin kamfanin BlackBerry, Jim Balsillie, ya taya ta dala miliyan 212 da rabi, bisa sharaɗin zai mayar da ita Hamilton a Kanada. Hukumar NHL ta ce ba ta yarda ba, kotu ta ƙi tayin nasa, daga bisani hukumar ta saye ta da kanta a kan dala miliyan 140, ta riƙe ta har 2013.

A cikin wannan tsakani garin Glendale ya ɗauki nauyin biyan dala miliyan 25 a shekara, har shekara biyu, don cike giɓin asara. Abin mamaki, a wannan lokaci na rashin uban gida ne ƙungiyar ta yi kakarta mafi kyau, inda a 2012 ta kai matakin kusa da na ƙarshe.

Dangantaka da Glendale ta ci gaba da tsami, har garin ya ƙi sabunta haya bayan kakar 2021 zuwa 2022. Coyotes ta koma zauren Jami'ar Jihar Arizona mai ɗaukar mutum kusan 4,600, alhali takwarorinta na wasa a gaban mutum dubu 17 zuwa dubu 20.

Dama ta ƙarshe ta kuɓuce a watan Mayun 2023, lokacin da mazauna Tempe suka yi watsi da shirin gina sabon zaure a ƙuri'ar raba gardama. Shekara guda bayan haka Ryan Smith, mai ƙungiyar kwando ta Utah Jazz, ya biya dala biliyan 1.2 ya karɓi 'yan wasan. Sabuwar ƙungiyar ba ta kai zagayen fitar da gwani ba a kakarta ta farko, kuma a 2025 aka sanya mata suna Utah Mammoth.

Duk da haka ba a tashi a tutar babu ba. Auston Matthews, wanda aka fara zaɓa cikin sabbin 'yan wasa a 2016, a Scottsdale ya girma, kuma kallon Coyotes ne ya ja shi ga wasan.

Atlanta kuwa sau biyu tana rasa ƙungiya: ta farko ta koma Calgary a 1980, ta biyu ta koma Winnipeg a 2011.

Waɗanda suka yi nasara

Idan da zafi ne ke hana ruwa gudu, da Las Vegas ba ta kai labari ba. Mai ƙungiyar Golden Knights ya biya dala miliyan 500 kuɗin shiga gasa, ta fara wasa a 2017, ta kai wasan ƙarshe a kakarta ta farko, ta kuma ɗauki Kofin Stanley a 2023.

Ita ce babbar ƙungiyar wasa ta farko da birnin ya taɓa samu, zaurenta na tsakiyar gari, kuma dokokin da aka ba ta na tsintar 'yan wasa daga sauran ƙungiyoyi sun fi na waɗanda suka gabace ta sassauci.

Tampa ta ci kofin a 2004 da 2020 da 2021. Florida Panthers, wadda daga 1997 zuwa 2021 ba ta tsallake ko zagaye ɗaya ba, har ana yi mata ba'a da kujerun da ba kowa, ta ci a 2024 da 2025, duka a kan Edmonton. Daga 1994 zuwa 2025 babu ƙungiyar Kanada da ta taɓa kofin.

Tsarin ƙayyade albashi ya taimaka matuƙa. An kawo shi ne bayan takaddamar da ta sa aka soke kakar 2004 zuwa 2005 baki ɗaya, kuma ya fara da dala miliyan 39 ga kowace ƙungiya. Tun da ba mai iya kashe fiye da ƙa'ida, jihohin da ba sa karɓar harajin albashi, irin su Florida da Nevada da Texas, sun samu abin jan hankalin 'yan wasa.

Saboda haka idan ana hasashen kakar ƙungiya a irin waɗannan garuruwa, ba ƙarfin mai tsaron gida ko na masu cin ƙwallo kaɗai ake dubawa ba. Ana tambayar wa ke da zauren, wa ke cin kuɗin abinci da na ajiye motoci, tikiti nawa aka sayar na kaka sukutum, kuma shekara nawa mai ƙungiyar zai iya jure asara. A Toronto ko Montreal zaure kan cika ko ƙungiya na shan kashi. A kudu kuwa, kaka biyu ko uku na rashin nasara sun isa su watsa 'yan kallo.

Alaƙa da Afirka

Jarome Iginla, wanda ya ci ƙwallo 625 a NHL kuma ya jagoranci Calgary zuwa wasan ƙarshe a 2004, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Nazem Kadri, Musulmi ɗan asalin Lebanon, ya ci kofin da Colorado a 2022, ya kuma kai shi masallacin garinsu, London ta jihar Ontario.

A Nairobi akwai ƙungiyar Ice Lions da ke atisaye a ɗan ƙaramin dandalin ƙanƙara na wani otal, kuma a 2024 Kenya ta shiga hukumar wasan ta duniya.

A arewacin Najeriya na fili ake yi, amma matsalar kusan ɗaya ce, wato wurin wasa. Tun gasar Olamfik ta 1976 manyan wasanni suka koma kan shimfiɗar ciyawar roba, wadda mafi ingancinta sai an jiƙa ta da ruwa kafin a fara. Tsadarta na cikin dalilan da ake bayarwa na ja da bayan Indiya da Pakistan, waɗanda a da suka mamaye wasan.

Matashi a Ikara ko Makarfi ko Kudan ƙwallo ɗaya da fili kawai yake buƙata ya yi tamaula, da dare kuma ya biya kuɗi kaɗan a gidan kallo ya ga gasar Ingila. Mai ƙwallon gora kuwa sai ya nemi sanda, da kayan kare ƙafa, da filin da ya dace.

Duk da haka jihar Kaduna na da Kada Stars ta maza da Kada Queens ta mata, waɗanda suka sha wakiltar Najeriya a gasar ƙungiyoyin Afirka. Sunayen wasu abokan karawarsu na cikin gida, irin su Police Machine da Yobe Desert Rollers, na nuna inda wasan ya dogara: ga gwamnatocin jihohi da hukumomin tsaro, ba ga kuɗin ƙofa ba.

A gasar cin kofin Afirka da aka yi a Accra cikin watan Janairun 2022, tawagar maza ta Najeriya ta zo ta uku, bayan Afirka ta Kudu da Masar.