Ƙwayoyin bitamin da sankarar fata ga mata: abin da bincike ya gano

A farmasi da kuma hannun masu tallan magani a kasuwannin Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa, ana samun kwalaben ƙwayoyin bitamin C da E, da silinyom, da zinki. Ana tallata su ga mata a matsayin maganin gyaran fata da hana saurin tsufa. Masana na kiran waɗannan sinadarai antiyoksidan, domin suna rage ɓarnar da iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin jiki, irin ɓarnar da ke sa ƙarfe tsatsa. Sai dai shan su a ƙwaya ba daidai yake da cin su cikin abinci ba.

Binciken Faransa

Daga 1994 zuwa 2002, ayarin Farfesa Serge Hercberg ya gudanar da binciken SU.VI.MAX a Faransa. Mutum 13,017 suka shiga: mata 7,876 masu shekara 35 zuwa 60, da maza 5,141 masu shekara 45 zuwa 60. Rabinsu sun riƙa shan ƙwaya guda kullum mai ɗauke da miligiram 120 na bitamin C, 30 na bitamin E, 6 na beta-karotin, 20 na zinki, da mikrogiram 100 na silinyom. Sauran an ba su ƙwaya mai kama da ita amma babu magani a ciki.

Sakamakon farko, a 2004, ya nuna ciwon daji ya ragu da kashi 31 cikin 100 a tsakanin mazan da suka sha, amma matan ba su amfana ba. A 2007 aka fitar da ɓangaren fata: mutum 157 sun kamu da sankarar fata, 25 daga ciki da melanoma, wadda ta fi kowace iri haɗari. Matan da suka sha ƙwayar sun fi sauran matan kamuwa da kashi 68 cikin 100, melanoma kuwa ta ninka fiye da sau huɗu. Ba a ga haka ga maza ba.

Masu binciken sun lura cewa tun farko jinin matan ya fi na mazan yawan beta-karotin da bitamin C, wato ƙwayar ta sami jikin da ba ya buƙatarta. Da aka ci gaba da bibiyarsu shekara biyar bayan daina shan ƙwayar, rahoton 2010 ya nuna ƙarin haɗarin ya gushe.

Maganar ba ta ƙare ba

Melanoma 25 adadi ne kaɗan, don haka ba a yanke hukunci da shi kaɗai. Wani bincike a jihar Washinton ta Amurka, da aka wallafa a 2009 kan mutum kusan 70,000, bai ga alaƙa tsakanin ƙwayoyin da melanoma ba. Amma akwai wasu shaidu masu sa a yi hattara. A Finland, cikin 1994, beta-karotin ya ƙara sankarar huhu da kashi 18 cikin 100 ga maza masu shan taba. A 2022 kwamitin ƙwararrun rigakafi na Amurka ya ba da shawarar kada a sha beta-karotin ko bitamin E da niyyar kauce wa ciwon daji ko ciwon zuciya.

Wanda abin ya fi shafa a nan

Baƙar fata na da kariya daga hasken rana, shi ya sa sankarar fata ba ta yawaita a cikinmu kamar a Turai ba. Idan melanoma ta kama baƙin mutum, galibi a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce take fitowa, kuma sau da yawa ba a gane ta sai ta yi nisa. Tsohon gyambo ko tabon ƙuna ma na iya rikiɗewa ya zama sankara.

Zabaya su ne suka fi kowa shiga haɗari, saboda fatarsu ba ta da sinadarin melanin. Kariyarsu ita ce malfa, tufafi masu rufe jiki, inuwa, man kariya daga rana da duba fata a kai a kai. Masu shafa man bilicin su ma suna rage wannan kariya da hannunsu, kuma babu ƙwayar bitamin da za ta maye gurbinta.

Abin yi

Sinadaran nan suna cikin abincinmu. Zogalen da ake nomawa a fadamar Jiratawa, alayyafo, karas da mangwaro suna da beta-karotin. Gwaiba, lemu, tumatir da garin ƴaƴan kuka suna da bitamin C, gyaɗa da manta kuwa bitamin E. Babu binciken da aka ambata a sama da ya ɗora laifi kan kayan lambu.

Wannan gargaɗi bai shafi ƙwayar ƙarin jini da ake bai wa masu juna biyu a wurin awo ba, ko bitamin A na yara ƴan wata 6 zuwa 59. Waɗannan an ba da su ne don cike giɓin da aka tabbatar, kada a daina su.

Duk wadda ta ga baƙin tabo yana girma, yana sauya launi ko yana zubar da jini, ko ciwon da ya ƙi warkewa tsawon makonni, ta nufi likita mafi kusa. Daga nan ana iya tura ta asibitocin Maraɗi ko cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai. Ta kuma tafi da kwalbar duk ƙwayar da take sha, lokotoro ya gani.