Zauren Tunawa da Gwanayen Wasan Golf: Tarihi da Manufa

Zauren tunawa da gwanaye wuri ne da ake keɓewa domin adana sunaye da tarihin mutanen da suka yi fice a wani fage. A wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, akan ajiye hotunan 'yan wasa, da sandunan da suka yi wasa da su, da kofunan da suka ci, tare da taƙaitaccen tarihin kowannensu.

Tarihi

An buɗe babban zauren golf na duniya a shekarar 1974 a garin Pinehurst da ke Jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Mutum 13 aka fara sanyawa, cikinsu har da Jack Nicklaus da Arnold Palmer da Gary Player na Afirka ta Kudu, da kuma mata biyu, Patty Berg da Babe Zaharias. A 1998 aka mayar da zauren Jihar Fulorida, sannan a 2024 ya koma mazauninsa na asali.

Da yake babban zaure ba zai ɗauki kowa ba, ƙasashe da jihohi sun kafa nasu. Kanada ta kafa nata a 1971, Jihar Tekzas kuma a 1978. Irin waɗannan zauruka na yanki su ne ke tunawa da wanda ya yi suna a gida, ko da duniya ba ta san shi ba: mai horar da yara, da mai kula da fili, da wanda ya ɗauki nauyin gasa.

Manufa

Manufa ta farko ita ce kada sunan gwani ya bi shi kabari. Ta biyu, matasa su sami abin koyi. Ta uku kuwa ita ce gyara abin da tarihi ya tauye. Sai a 1961 ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Amurka ta soke dokar da ta hana baƙar fata zama 'ya'yanta. Charlie Sifford, wanda ya sha gwagwarmaya da wannan doka, shi ne baƙar fata na farko da aka sanya a babban zauren, a 2004. Tiger Woods ya shiga a 2022.

Golf a Nijeriya

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wasan, suka shimfiɗa filaye a Jos da Kaduna da Kano da Legas. Saboda ƙarancin ruwa, filaye da dama a Arewa sun yi amfani da yashi da aka cuɗa da mai a gefen rami maimakon ciyawa. Gasar Nigerian Open ta jawo ƙwararru daga ƙasashen waje. Vijay Singh na ƙasar Fiji ya lashe ta a 1988 da 1989, daga bisani kuma ya shiga babban zauren a 2006.

Tamu al'adar

Manufar irin wannan zaure ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, sai dai mu a bakin makaɗa muke ajiye gwanayenmu. A ƙauyukan Kano, har da na Ƙaraye da Rogo a yammacin jihar, dambe da kokawa wasanni ne na bayan girbi, kuma kowane gwani da kirarinsa da takensa. Waƙar Ɗan Anace ce ta sa har yau ake ambaton Shago, ɗan damben da mafi yawan masu jin sunansa ba su taɓa ganinsa a fage ba.

Amma ba kowane gwani ke samun makaɗi kamar Ɗan Anace ba, kuma abin da ke ka yakan tafi tare da mai shi. Rubuta sunan zakaran gari, da shekarun da ya yi tashe, da kirarinsa, tun dattawan da suka gani da ido suna raye, shi ne tubalin farko na kowane zauren tunawa da gwanaye.