Daga Kwarin Hinnom Zuwa Mimbarin Coci: Yadda Koyarwar Kirista Kan Gidan Wuta Ta Ginu

Tambayi Kirista ko akwai Gidan Wuta, mafi yawa za su amsa maka da i ba tare da jinkiri ba. Amma ka ƙara da tambayar yadda wutar take, da wanda zai shige ta, da ko azabarta tana da iyaka, nan za ka ji amsoshi sun rarrabu. Wannan rarrabuwa ta daɗe. Koyarwar ta ɗauki fiye da shekara 2,000 tana ginuwa, kuma a kowane zamani abu biyu ne suke jan masu ginin: yaƙinin cewa Allah mai adalci ne, ba zai bar zalunci ya tafi a banza ba, da yaƙinin cewa Shi mai jinƙai ne, ba Ya murna da hallakar kowa.

Lahirar Ibraniyawa ta farko

Wanda ya buɗe Tsohon Alkawari yana neman bayanin wuta mai ci bal-bal zai yi ta juya shafi. Abin da zai tarar shi ne Sheol, wanda aka ambata sama da sau 60: wuri mai duhu da shiru a ƙarƙashin ƙasa, inda matattu duka suke gangarawa, na kirki da mugaye. Yakubu kansa, da aka kawo masa rigar Yusufu jina-jina, can ya ce zai bi ɗansa da makoki. A tunanin wancan zamani, sakamako a nan duniya ake ganinsa: tsawon rai, 'ya'ya da amfanin gona ga mai tsoron Allah, fari da yaƙi da bauta ga mai tawaye.

Wahala ce ta girgiza wannan lissafi. A shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, Sarki Antiyokus na Huɗu ya hana Yahudawa bin shari'arsu, ya ƙazantar da Haikalin Urushalima, aka kashe waɗanda suka ƙi cin naman alade da waɗanda suka yi wa 'ya'yansu kaciya. Masu aminci suka mutu da ƙuruciya, maciya amana suka yi ƙiba. To ina adalcin? Babi na 12 na littafin Daniyel, wanda masana da yawa suke danganta shi da wannan lokaci, ya ba da amsa a fili: matattu za su tashi, wasu zuwa rai madawwami, wasu zuwa kunya madawwamiya. Littafin Anuhu, wanda Ikkilisiyar Habasha ce ta adana shi cikakke a harshen Ge'ez, ya riga ya kasa lahira ɗaki-ɗaki, ya raba masu adalci da masu zunubi. Wato tun asali, maganar hukuncin lahira ta fito ne daga bakin waɗanda aka zalunta.

Kwarin da ya zama suna

A kudancin tsohon birnin Urushalima akwai wani kwari mai duwatsu da ake kira Kwarin Hinnom, yana nan har yau. A can ne sarakuna Ahaz da Manassa suka ƙona 'ya'yansu hadaya ga gumaka. Sarki Yosiya ya lalatar da wurin wajen shekara ta 622 kafin Almasihu don kada a sake, Annabi Irmiya kuma ya yi gargaɗi cewa kwarin zai cika da gawawwakin mutanen birnin. Da tafiya ta yi tafiya, sunan wurin, Gehinnom, ya zama sunan wurin hukuncin mugaye, kuma shi ne tushen Jahannama da Hausawa suka karɓa ta hanyar Larabci. Ana yawan faɗa a wa'azi cewa kwarin juji ne da ake ƙona shara dare da rana a zamanin Yesu, amma wannan bayani an fi gano shi ne ga wani malamin Yahudawa, David Kimhi, wajen shekara ta 1200, masu tonon tarihi kuma ba su sami shaidarsa ba.

A Sabon Alkawari kalmar Gehenna ta zo sau 12, kuma 11 daga ciki daga bakin Yesu suka fito. Ya yi maganar wutar da ba ta mutuwa, da duhu na waje, da kuka da cizon haƙora. A Luka 16 ya ba da labarin mai arziki da Li'azaru, matalaucin da yake kwance a ƙofar gidansa karnuka na lasar miyakunsa. Bayan mutuwa mai arzikin ne yake roƙon ɗigon ruwa. A Matiyu 25, abin da ya raba tumaki da awaki shi ne ciyar da mayunwaci, tufatar da matsiraici da ziyartar ɗan kurkuku. Abin lura, yawancin wannan gargaɗi ya fuskanci masu addini ne da masu hali. Manzo Bulus bai yi amfani da kalmar Gehenna ko sau ɗaya ba. Ya fi maganar mutuwa, hallaka da fushin Allah. Littafin Wahayi kuma ya kawo tafkin wuta da kibiritu, ya kira shi mutuwa ta biyu. Daga waɗannan kalmomi, wuta, hallaka, madawwami, duk muhawarar da ta biyo baya ta taso.

Hanyoyi uku a Arewacin Afirka

A ƙarni na 2 wani littafi da ake kira Wahayin Bitrus ya bazu cikin ikkilisiyoyi. Shi ne ya fara zayyana azaba dalla-dalla cikin littattafan Kirista, kowane laifi da irin tasa: mai saɓo a rataye ta harshe, mai cin riba a nutse cikin ƙazanta. Bai shiga Littafi Mai Tsarki ba, amma hotunansa sun zauna a zukatan jama'a. An tono wani ɓangarensa a wani kabari a Akhmim ta Masar a ƙarshen shekarun 1880.

Malaman farko kuwa sun kasu uku, kuma dukkan hanyoyin suna da manyan wakilai a Arewacin Afirka. Tertullian na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya tsaya kan azaba ta har abada. Arnobius na Sicca, wajen shekara ta 300, ya ce rai ba ya dawwama da ƙarfin kansa, don haka wuta za ta cinye mugaye su ƙare ƙurmus. Origen na Iskandariya, wanda ya rasu wajen 254, ya ɗauki wutar a matsayin ta tsarkakewa, yana fatan a ƙarshe dukkan halitta za ta komo ga Mahaliccinta. Gregory na Nyssa, wanda har yau ake girmama shi a matsayin waliyyi, ya bi wannan fata.

Wanda ya rinjayi Yammacin duniya shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya. A babban littafinsa kan Birnin Allah, wanda ya fara bayan an washe birnin Rum a 410 ya kuma kammala a 426, ya keɓe kashi na 21 ga wannan batu. Masu shakka suna tambaya: yaya jiki zai yi ta ƙonewa bai ƙare ba? Agustin ya kawo musu misalai daga halitta, har da abin da ya gwada da hannunsa. An taɓa kawo masa gasasshen dawisu a Kartaj, sai ya yanki tsoka daga ƙirjin ya sa aka ajiye. Bayan kwana 30 naman bai yi wari ba. Bayan shekara guda ya ɗan bushe ne kawai ya motse. Idan Allah Ya ba naman tsuntsu wannan hali, in ji shi, me zai hana Ya raya jiki cikin wuta? Hujjarsa mafi ƙarfi kuwa daga Matiyu 25 ya ɗauko ta: kalma ɗaya ce ta siffanta rai da hukunci, don haka in azaba tana da iyaka, ni'ima ma tana da shi. Duk da haka ya amsa cewa Kiristoci masu taushin zuciya da suke sa ran azabar za ta ƙare suna da yawa a zamaninsa, kuma bai kore su daga ikkilisiya ba. Ƙofar ta rufu ne daga baya, lokacin da Sarki Justiniyan ya sa aka la'anci ra'ayin Origen a Kustantiniya a 543, babban taron 553 kuma ya sa sunansa cikin 'yan bidi'a.

A Gabas an ci gaba da jin wata murya dabam. Ishaƙu na Nineba, ɗan zuhudu na ƙarni na 7 wanda aka haifa a yankin Katar, ya koyar da cewa ƙaunar Allah ce da kanta take zama azaba ga wanda ya ƙi ta, kamar yadda nadama take cin mutumin da ya ci amanar masoyinsa.

Zamanin tsari da zane

Turai ta tsakiyar zamani ta ɗauki koyarwar Agustin ta yi mata dokoki. Taron Lateran na Huɗu a 1215 ya tabbatar da hukunci na har abada tare da Shaiɗan. Toma Akwinas ya raba azaba gida biyu, zafin rashin ganin Allah da zafin da jiki zai ji, ya ce na farko ya fi tsanani. A 1336 Fafaroma Benedict na 12 ya zartar cewa wanda ya mutu cikin babban zunubi bai tuba ba yana shiga wuta nan take, ba sai ranar tashin ƙiyama ba. A wannan zamani ne kuma aka ƙarfafa koyarwar Furgatori, wurin tsarkake masu ƙananan laifuffuka, wadda tarukan Lyon a 1274 da Florence a 1439 suka amince da ita.

Talaka bai karanta Akwinas ba. Shi a bangon coci ya ga wuta, a zanen bakin dodo mai haɗiye sarakuna da bishop-bishop. Sai kuma mawaƙin Italiya Dante, wanda ya rasu a 1321, ya tsara Gidan Wuta hawa tara masu gangarawa. Can ƙasa babu harshen wuta ko ɗaya, ƙanƙara ce, inda maciya amana suke daskare, can ne kuma Yahuza Iskariyoti yake. Yawancin abin da Turawa suke hangowa in an ce wuta, daga Dante da masu zane ya zo.

Da Martin Luther ya tayar da gyaran ikkilisiya a Jamus a 1517, cinikin takardun gafara don fitar da 'yan'uwa daga Furgatori ne ya harzuƙa shi. Furotesta suka watsar da Furgatori, suka riƙe wuta ta har abada. Shaidar Bangaskiya ta Augsburg a 1530 ta la'anci masu cewa azaba za ta ƙare. John Calvin ya ɗauki wutar a matsayin misali na wani abu da harshe ba zai iya faɗa ba. Wa'azin tsoratarwa ya kai ƙololuwa ranar 8 ga Yuli 1741 a Enfield ta Amurka, inda Jonathan Edwards ya kwatanta mai zunubi da gizo-gizo a rataye bisa wuta. Kuka da ihun jama'a sun kai har sai da ya dakata ya nemi a yi shiru.

Tambayar kakanni

Aikin mishan ya fito da wata tambaya da ba a iya kauce mata. A 1552 Francis Xavier ya rubuta game da aikinsa a Japan cewa sababbin masu bi suna kuka in aka ce musu babu mafita ga iyayensu da suka mutu ba su ji Bishara ba. Bishop John Colenso, da ya zauna cikin Zulu a Natal, ya bayyana a 1861 cewa ba zai ƙara koyar da azaba marar iyaka ba. A Landan an riga an sallami F. D. Maurice daga kujerarsa ta farfesa a 1853 saboda irin wannan shakka. A ɗaya gefen kuma, tsoron kada miliyoyi su hallaka ne ya taso da Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham zuwa Nijeriya a 1893. Biyun farko sun mutu cikin shekara guda, amma mishan ɗin SIM da ta fito daga tafiyarsu ita ce uwar ECWA, kuma koyarwar hukunci na har abada tana cikin abin da irin waɗannan mishan suka dasa a ƙasar Hausa.

A ƙarni na 20 tsofaffin hanyoyin uku suka sake fitowa fili. John Stott, babban malamin 'yan Bishara na Ingila, ya girgiza abokansa a 1988 da ya ce ya karkata ga ra'ayin ƙarewar mugaye, matsayin da 'yan Adventist suka daɗe a kai. C. S. Lewis ya yaɗa tunanin cewa mazauna wuta su ne suka kulle ƙofar daga ciki. Katekizim na Katolika na 1992 ya tabbatar da cewa wuta gaskiya ce kuma madawwamiya, ya bayyana ta da ware kai daga Allah da zaɓin mutum, Fafaroma John Paul na Biyu kuma ya ce a 1999 ta fi zama hali a kan wuri. A 2007 kwamitin masana tauhidi na Vatican ya ce akwai dalilin sa rai ga ceton jariran da suka mutu ba baftisma.

A yau mafi yawan ikkilisiyoyi, Katolika da Otodoks da Furotesta, suna riƙe da hukunci na har abada, ƙalilan suna koyar da ƙarewa, wasu kuma suna fatan ceton kowa. Sanin wannan tarihi yana da amfani ga mai wa'azi da mai sauraro. Yana taimaka musu su bambance abin da nassi ya faɗa da abin da Wahayin Bitrus, masu zane da Dante suka ƙara. Yana kuma tuna musu waɗanda aka fara yi wa gargaɗin: azzalumin sarki, malamin addini mai fuska biyu, da mai arzikin da ya saba tsallake mayunwaci a ƙofar gidansa. Fasto da ya hau mimbari da wannan batu, ya kamata ya fara auna kansa da shi kafin ya nuna wa maƙwabcinsa yatsa, domin a kan haka Yesu ya ɗora maganar tun farko.