Da Wane Harshe Yaran Gungawa Suka Koyi Karatu?

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya cinye tsibirai da dama na ƙasar Yawuri, aka kwashe Gungawa zuwa sababbin ƙauyuka a bakin tafki. Wannan kowa ya sani. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne yadda yaran waɗannan ƙauyuka suka koyi karatu.

Mu ɗauki yaron da ya shiga firamare a 1976, shekarar da aka buɗe ilimi kyauta ga kowa. A gida Reshe yake ji. A makarantar allo Larabci yake bita. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya game yankin, kuma a Yawuri da Ngaski da Shanga, Hausa ke nan. Daga baya Turanci ya karɓe. Harsuna uku na karatu, babu nasa ko ɗaya.

A lokacin bincike ya riga ya fara nuna hanya. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci yana darasi kawai. Yaran ba su gaza a Turanci ba, a wasu darussan ma sun zarce takwarorinsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ya haɗa baƙi da wasali ya ji kalmar da ya sani ta fito, shi da kansa ya san ya karanta daidai. Wanda bai san kalmar ba, sauti kawai ya furta, sai malam ya gyaɗa kai.

Da aka zo gwada koyar da karatu da Hausa, kamar shirin RARA na 2014 zuwa 2015, Sakkwato da Bauchi aka je. Mu masu rubuta manhaja ma haka muke: in aka ce Arewa, mu sa Hausa a jerin harsuna mu wuce. Bakambare da Badukke ba sa cikin lissafi.

Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yawuri a shekarun 1970, ya rubuta yadda Gungawa ke rikiɗewa su zama Hausawa. Yau akasarin Shangawa Hausa suke yi. Jikokinsu suna shiga aji ɗaya su koyi karatu da harshen da suka tashi da shi, sai dai ba shi kakanninsu suka yi musu tatsuniya da shi ba.